Kunyar Ɗan Fari

Sabon Birni,
Farkon kaka.

Zuwa ga Yaya Safiyatu, a Isa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina kwananku, ina gajiya, yaya ƙafar taki? Ina fata sanyin damina bai tashe ta ba. Ki gaishe mini da Malam da duk mutanen gida. Mu nan muna lafiya, sai abin da ba a rasa ba.

Kada ki yi dariyar rubutuna. Tun da anka yanke muna sabis ɗin waya ba ni da hanyar samunki sai wagga. Ke kinka matsa mini in shiga yaƙi da jahilci da furfurata, ina cewa me tsohuwa za ta yi da abacada, to ga ranarshi ta zo. Sodangi direba ya ce za shi riƙa kai miki duk sadda hanya ta yi kyau.

Maganar ɗanki ce. Mun dawo daga asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, can Sakkwato, ni da shi da Jabir ɗan ƙanen marigayi babanshi. Likita ya daɗe da shi a ɗaki, sannan ya kira ni ya ce ciwo ne, sunanshi ciwon damuwa, kuma ana maganinshi kamar yadda ake maganin hawan jini. Ya ce ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba. Na ji daɗin wagga magana, don kin san mutanenmu, in sunka ji an kai mutum Kware sun gama yanke mishi hukunci. An ba shi ƙwayoyi, an kuma haɗa mu da wata malamar jinya nan asibitin garinmu, Malama Sa'adiya, ita za ta riƙa dubanshi. Bayarbiya ce amma a Sakkwato ta tashi. Da ta ga tsagena sai ta ce ga baiwarta ta zo, ni kuma na ce mata ai Bayarabe bawan Bagobiri ne tun kaka da kakanni. Kin san wasan da ke tsakaninmu da su, sai munka saba nan take.

Kin san tun bara da anka tare hanya anka kashe abokinshi Marwan, wanda suke ɗaukar kaya tare zuwa Maraɗi, yaron nan bai koma daidai ba. Abin da ba ki gani ba shi ne yadda ya zama bana. Babur ɗinshi na jingine a zaure har kaji sun fara kwana a kai. Ba ya fita, ba ya aski, abinci sai ya taɓa ya ture. Mun yi addu'a, Liman ya yi mishi tofi, kuma ba mu bari ba, likita ma ya ce mu ci gaba, a haɗa da magani.

Ni kuwa, Yaya, kin san matsayina. Ɗan fari ne. Tun da anka yaye shi kinka goya shi zuwa Isa bakina bai taɓa kama sunanshi ba, kuma ko da ya dawo gida da girmanshi ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. Haka Inna ta yi da ke, haka uwarta ta yi da nata ɗan farin. Tuwo sai in aje bakin ƙofa in yi gyaran murya, in gaya wa bango cewa ga abincin mai ɗaki. In na dawo ɗaukar kwano in tarar da shi a cike, sai in tsaya ina kallon labule kamar labulen zai gaya mini wani abu.

Ke kinka rene shi, ke kinka san cikinshi. Don Allah ki rubuto mini abin da yake so sadda shina ƙarami, ko miya ko fura ko wani ɗan abin marmari. Za ni yi mishi in ce ke kinka aiko.

Ki sa mu cikin addu'a. Allah shi bar zumunci.

Ƙanwarki,
Laraba.


Sabon Birni,
Bayan an ɗaure gero.

Yaya Safiyatu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aikin kaka? Na ji an ce geronku ya yi kyau, Allah shi sa albarka. Yaya ƙafa? Ki daina zuwa rijiya da kanki, ga jikoki cike da gida.

Takardarki ta iso, kuma na yi dambun zogalen kamar yadda kinka ce, da ƙuli da yaji kaɗan. Ya cinye. Na ɗauki kwanon ina jujjuya shi kamar wadda anka ba kyautar zinari.

Albishirinki. Ɗanki ya tashi. Maganin ya karɓe shi, Yaya. Wata safiya sai na ji ƙarar guga, na leƙa na gan shi shina wanka da kanshi ba wanda ya ce ya yi. Ya tafi wurin wanzami, ya dawo fes, ya bi jam'i. Ya gyara mini jinkar rumbu da ta daɗe tana zuba, ya ɗaure dannin bayan gida, har murhuna ya sake wa duwatsu. Fuskarshi ta kwanta, irin kwanciyar da rabona da gani tun kafin rasuwar Marwan.

Kuma ciwon nan kamar ya ƙara mishi kirki. Ya ba Jabir babur ɗinshi kyauta, ya ce shi ya fi shi buƙata. Shaddar nan ruwan toka da kinka ɗinka mishi da Sallah ya kai wa ladan. Rediyonshi ya ba tsohon da ke gadin makaranta. Ya tafi maƙabarta ya yi wa babanshi addu'a, ya wuce Unguwar Lalle ya bi kawunnanshi gida gida shina neman yafiya. Liman da kanshi ya tare ni ya ce samarin yanzu su zo su koyi zumunci wurin yaron nan. Na yi waina na raba sadaka.

Sai ga wanda ya fi taɓa ni. Ina zaune ƙofar ɗakina ina tsintar wake, ya zo ya durƙusa nesa kaɗan, ya ce in yafe mishi duk abin da ya taɓa yi mini, da wahalar da na sha a kanshi. Yaya, zuciyata kamar ta fito. Amma kin san ba a yi. Ban ɗaga kai ba, na ce Allah shi yafe muna baki ɗaya, na ci gaba da tsinta. Ya daɗe a durƙushe sannan ya tashi. Ranar dai wake da tsakuwa munka ci, Jabir ya kusa rasa haƙori, ya ce Gwaggo yau da gangan kinka yi.

Ɗanki ya ce da an samu hanya za shi zo Isa ya gaishe ki, ya nemi taki yafiyar. Ki shirya mishi dambu. Ni kuma za ni kai wa Malama Sa'adiya ƙwan zabi, don bawa ma in ya yi aikin kirki ana yi mishi ihsani.

A gaida kowa da kowa.

Taki mai farin ciki,
Laraba.


Sabon Birni.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ki gafarce ni da gajeruwar gaisuwa, Sodangi na lodi. Ki karanta wagga ke kaɗai.

Na kai wa Malama Sa'adiya ƙwan. Ta tarbe ni da tsiyarta, na rama, sannan na zauna ina jera mata abin arziki: babur, shadda, maƙabarta, neman yafiya. Ina cikin faɗi na lura ta daina dariya. Ta aje ƙwaryar ƙwan, ta tura ƙofa, ta kira ni Mama. Matar da ba ta taɓa kirana da komai ba sai baiwarta.

Ta ce ba ta ce lallai haka ne ba, amma abin da na lissafa mata ya fi kama da sallama bisa ga warkewa. Ta ce wani lokaci magani yakan dawo wa mutum da ƙarfin jiki kafin ya dawo mishi da hasken zuciya, kuma tsakanin nan ne ake tsoro, don wanda da ba ya iya tashi yanzu shina iya aikata abin da zuciya ke raya mishi. Ta ce mai wanga ciwo yakan yi tunanin kashe kanshi, ko da shina shan magani, ko da mai salla ne. Na ce a'uzu billahi, ɗan Musulmi, jikan malamai. Ta ce ciwo bai san gidan malamai ba.

Ni da na raba waina, Yaya. Ni da na ji daɗi ya kyautar da babur.

Da la'asar ta zo gidan da kanta ta gan shi. Ta tambaye shi, ya yi murmushi ya ce alhamdu lillahi ya warke, ba sai an koma Sakkwato ba. Da za ta fita ta ja ni zaure ta ce ba ta gamsu ba, ladabi ya yi mata irin wanda ake yi wa baƙo. Ta ce ƙwayoyinshi su dawo hannuna in riƙa ba shi na kowace rana, kuma duk wani abu mai cutarwa ya bar gidan. Maganin ƙwari da muke sa wa wake na kai gidan maƙwabta na ce ɓeraye nake tsoro su ɓarar. Jabir ya dawo kwana ɗakin ɗanki, mun ce rufin su Jabir ne ake gyarawa. Jabir ya so ya maido babur ɗin nan take, na ce ya dakata kada ɗanki ya gane.

Sai ta faɗi mai wuyar. Ta ce dole wani nashi, wanda ba za shi iya yi wa murmushin baƙo ba, ya zauna da shi ya tambaye shi kai tsaye ko shina wanga tunani. Na ce ai baki shi ke yanka wuya, in an ambata mishi an sa mishi ke nan. Ta ce tambaya ba ta shuka abin da babu, sai dai ta buɗe wa wanda ya toshe ƙofa. Ta kuma ce kada a yi mishi wa'azin wuta, ya san hukuncin, kuma saninshi ne ke sa ya ƙara ɓoyewa.

Na ce mata ni ba ni iyawa, ɗan fari ne, ko sunanshi ban taɓa faɗi ba. Ta dube ni ta ce to wa ke iyawa. Na ce Yayata.

Don girman Allah ki zo. Ke ce uwarshi ta baki, ke kike zaginshi ki ja kunnenshi ki sa shi dariya. Na san hanya, na san ƙafarki, ban taɓa roƙonki abu irin wanga ba. In kuma ya riga ya kuɓuce muna ya iso wurinki da sunan gaisuwa, kada ki bari ya juyo shi kaɗai.

Ina jiran ki ko amsarki.

Ƙanwarki,
Laraba.


Sabon Birni,
Ranar Juma'a.

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina kwananku, yaya jiki? Sodangi ya gaya mini yadda kinka fito har tasha da sanda, direbobi sunka ƙi ɗaukar mata saboda halin da hanya ke ciki, kinka zauna kan benci kinka rubuta mini amsa. Allah shi saka miki, Allah shi ba ƙafar lafiya.

Da farko na ji haushin amsar. Na buɗe ina neman ranar zuwanki, sai na tarar kin ce ke ma ɗiyar fari ce. Kin ce Inna ta rasu ba ki taɓa jin sunanki a bakinta ba, kin san tana son ki, amma akwai ranakun da sani bai ishe ki ba. Kin ce ranar da kinka yi ɓarin farko ta zo ta tsaya bayan danni tana tambayar maƙwabta jikinki, ke kuwa kina ciki kina jin muryarta kina roƙon Allah ta shigo. Yaya, mun tsufa tare ba ki taɓa gaya mini ba. Sannan kinka rufe da cewa in aje kunya in shiga, in kunya ta yi ƙara ke za ki amsa.

Na shiga.

Da hantsi ne, Jabir ya fita. Na dama kunu na ɗauka, na iso inda na saba ajewa, sai na ɗaga labulen. Ɗakin a share tas, 'yan kayan da sunka rage mishi a naɗe a ɗaure kamar na matafiyi. Shina zaune bakin katifa. Da ya gan ni ya zabura za shi miƙe, na zauna kan tabarmarshi tun kafin ƙafafuna su mayar da ni waje.

Na buɗe baki in kira sunanshi. Ni na haife shi, ina ɗaki ina ji anka raɗa mishi shi, amma harshena bai san hanyarshi ba. Da ya fito, a karkace ya fito. Ya waiga bayanshi, Yaya, kamar mai neman wanda ya yi kiran. Na sake faɗi. Sannan na tambaye shi ko shina tunanin kashe kanshi. Da waɗannan kalmomi, ban kewaya ba.

Na aje kunun na jira shi. Ban yi mishi wa'azi ba, kamar yadda Malama ta ce. Can sai kafaɗunshi sunka fara rawa, ya ce e.

Ya ce tunanin ya daɗe shina zo mishi, ya yi salla ya kore shi ya dawo. Ya ce ya san hukuncin Allah, shi ya sa ya kasa gaya wa kowa, don kada a ce ya bar addini. Ya ce gani yake ya zama kaya a kaina, ba ya nema ba ya kawowa, ga sunan gidan da ya ɓata da zuwa Kware. Ya ce ya san kunyar ɗan fari, ba yaro ba ne, amma tun da ciwon ya kama shi zuciyarshi ke gaya mishi ba al'ada ke sa ni kau da kai ba, ganinshi ne ba ni so. Ranar da ya durƙusa neman yafiya, ya ce, abu ɗaya ya zo nema, in ɗaga kai in dube shi. Na ci gaba da tsintar wake.

Na ce mishi ya tambayi haƙorin Jabir in wake nake gani ranar. Na ce idona cike yake da ruwa, tsakuwa nake zubawa cikin mai kyau ina watsar da waken. Ya yi wata 'yar dariya cikin kukan, ni ma haka. Na gaya mishi yawan zuwana Isa sadda shina yaro ba don ke ba ne, ki yi haƙuri, don in gan shi ya wuce da allo ne in saci kallo. Na ce shi ba kaya ba ne, in ma kaya ne ni na ɗauka wata tara ban gaji ba, kuma ban ba kowa izinin sauke mini ba, har shi. Na kama hannunshi. Hannun babba ne, duk kanta, rabona da shi tun shina iya naɗe yatsana ɗaya.

Ban ce ya warke ba. Amma na roƙe shi mu koma wurin likita ya faɗi abin da ya faɗa mini, ya ce to. Mun tafi wurin Malama Sa'adiya tare, ina gaba shina baya, ya maimaita mata da bakinshi. Za mu bi ayarin motocin da ke fita da rakiya zuwa Sakkwato, ni za ni zauna jinyarshi.

Ki yi muna addu'a, ki sa Malam ya yi.

Taki har kullum,
Laraba.


Sabon Birni,
Bayan an kai dawa rumbu.

Yaya Safiyatu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa. Ina gida, ina jikoki, yaya ƙafa? Man zafin da na sayo miki a Sakkwato na hannun Sodangi, ki tambaye shi kada ya mance da shi cikin mota.

Mun dawo. An kwantar da shi, an gyara mishi magani, kuma akwai wani likita da ke zama da shi su yi ta magana, za mu riƙa komawa. Ba za ni sake yi miki albishir da gaggawa ba, na koyi darasi. Wata rana ya tashi da haske, wata rana da nauyi. Maganin na hannuna har yanzu, na wake kuma na gidan maƙwabta. Mun yi alkawari ni da shi: kullum in na kai kunu za ni tambaye shi yaya zuciyar, shi kuma ba za shi ce mini lafiya lau irin ta baƙo ba. Shekaranjiya ya ce tunanin ya leƙo. Na aje aikina na zauna, munka ɓare gyaɗa tare har ya ce ya wuce, da yamma munka gaya wa Malama. Ta koma kirana baiwarta, ban taɓa jin daɗin zagi haka ba.

Jabir ya maido babur. Ɗanki ya ce mishi ya ci gaba da hawa, amma yanzu aro ne, ya kula da tayoyi don za shi karɓa. Wagga kalma ta aro ta fi mini waina daɗi. Shaddarki kam ta tafi, ladan ya riga ya sa an rage mata hannu.

Matan unguwa sun samu abin faɗi. Wai Laraba ta yi boko da tsufa ta zubar da kunya, tana ƙwala wa ɗan fari kira har ana ji a rijiya. Na ce su kai ƙara Isa, akwai mai amsawa.

Ɗanki ya ce in gaya miki da hanya ta yi kyau za shi zo, ba neman yafiya ba, dambu za shi ci ya dawo. Za ni biyo shi. Kuma in na zo, Yaya, akwai abin da na ƙudura. Ni ce mai kama da Inna a murya, kowa na faɗi. Za ni tsaya bayan danninki in kira ki Safiyatu, ba Yaya ba, sannan in shigo.

Shina nan zaune kusa da ni shina duba rubutuna, ya ce na iya, sai dai layina na gangara kamar kunyar gona a tudu. Na tambaye shi baƙaƙen sunanshi ya nuna mini, don duk abin da na koya a makaranta wanga ne ban taɓa rubutawa ba. Ki yi haƙuri, na karɓe rabin ɗanki.

Hafizullahi na gaishe ki.

Wassalam. Ƙanwarki,
Laraba, uwar Hafizullahi.